Mafakar Baƙo a Nogales: Tarihin Hidimar Malaman Kirista a Bakin Iyaka

Duk wanda ya yi nufin fahimtar yadda malaman addinin Kirista suka zama jagorori wajen ciyar da baƙin haure, da ilmantar da jama'a game da halinsu, da tsaya musu a gaban mahukunta a kan iyakar Amurka da Meziko, wajibi ne ya fara da sanin cewa a cikin hamadar Sonora majami'a ta girmi iyaka da shekara fiye da 150, mutanen ƙasar kuwa, watau ƙabilar O'odham, sun girmi su duka biyun da zamani mai tsawo. Da yake al'amarin haka yake, limaman wannan yanki ba su taɓa ɗaukar iyaka a matsayin ƙarshen duniyarsu ba, domin mabiyansu suna zaune ne hagu da dama da ita, auratayya da zumunci kuma sun haɗa su tun ba a haifi waɗanda suka shata layin ba.

A cikin shekarar 1687 ne wani fada ɗan ɗariƙar Jesuit, Eusebio Francisco Kino, haifaffen wani ƙauye a arewacin ƙasar Italiya ta yau, ya iso wannan jiha ƙarƙashin tutar Sarkin Sifaniya. Mutum ne mai ilmin taurari da lissafi da zanen taswira, wanda ya kafa tashoshin wa'azi fiye da 20, ya shigo da alkama da shanu, ya kuma tabbatar da cewa Baja California haɗe take da babban yankin ƙasa, alhali masana da yawa suna zaton tsibiri ce. Abin da ya fi ɗaukaka sunansa ga na baya shi ne takardar sarki da ya zo da ita, wadda ta hana a tilasta wa sababbin mabiya aikin haƙar ma'adinai har tsawon shekara 20. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa wa'azin nan tafe yake tare da mulkin mallaka, da sojojinsa, da cututtukan da suka halaka mutanen ƙasa masu yawa, har wasu daga cikin O'odham suka yi bore a 1695. Kino ya rasu a garin Magdalena a 1711, 'yan ɗariƙarsa kuma sarki ya kore su daga dukkan ƙasashen mulkinsa a 1767.

Iyakar da ake gani yanzu daga baya ta zo. Bayan yaƙin da ya ƙare da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a 1848, sai Amurka ta ƙara sayen wani yanki daga Meziko a kan dala miliyan 10, cinikin da aka tabbatar a 1854, layin kuwa ya ratsa tsakiyar ƙasar O'odham ba tare da an shawarce su ba. Da hanyar jirgin ƙasa ta haɗe ƙasashen biyu a 1882, sai gari ya tashi a mahaɗar, rabinsa a Arizona, rabinsa a Sonora, kowane rabi sunansa Nogales, titi guda ne kawai ya raba su. Musayar wuta da aka yi a nan tsakanin ɓangarorin biyu ranar 27 ga Agusta, 1918, ita ce sanadin kafa shinge na dindindin. Aka ƙirƙiro rundunar sintirin iyaka a 1924. Amma duk da haka Amurka da kanta ta riƙa gayyatar leburorin Meziko zuwa gonakinta ƙarƙashin shirin Bracero, daga 1942 har 1964, ta yadda buƙatar ƙwadagon baƙo da ƙyamar zamansa suka girma tare a ƙasa ɗaya.

Jarrabawa ta farko mai tsanani ta zo ne a farkon shekarun 1980, sa'ad da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita El Salvador da Guatemala, dubban mutane suka gudo arewa don tsira da rayukansu. Ko da yake Amurka ta yi dokar 'yan gudun hijira a 1980, hukuma ta riƙa ƙin karɓar kusan dukkan masu neman mafaka daga waɗannan ƙasashe biyu, saboda gwamnatocinsu aminanta ne a siyasar wancan zamani. Nan ne wani makiyayin awaki ɗan ɗariƙar Quaker, Jim Corbett, da wani fasto na majami'ar Southside Presbyterian a birnin Tucson, John Fife, suka ɗaura niyyar ƙetaro da mutane da ɓoye su; ranar 24 ga Maris, 1982, watau cikar shekara biyu da kisan Babban Bishop Oscar Romero a San Salvador, majami'ar ta shelanta a bainar jama'a cewa ta zama mafaka. Kafin 'yan shekaru ɗaruruwan majami'u da wuraren ibadar Yahudawa sun bi sahu. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, tun da ya san sarkin Habasha, Najjashi, Kirista ne lokacin da ya ba Sahabbai aminci ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa, ya kuma san ibnus sabil yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su.

Hukuma ba ta kau da kai ba. Ta aika 'yan leƙen asiri cikin majami'u da na'urorin ɗaukar magana, ta gurfanar da jagororin a kotu a 1985, alƙali kuma ya hana su kawo hujjar addini ko bayanin abin da ke faruwa a ƙasashen da ake gudowa, har aka sami mutum takwas da laifi a 1986, cikinsu da Fife da wani fada na Nogales ta Sonora, ko da yake ba a tura ko ɗayansu kurkuku ba. Darasin da suka ɗauka shi ne, ɓoye mutum yakan tserar da rai ɗaya, amma ba ya gyara dokar da ta jefa shi cikin haɗari. Saboda haka majami'u suka kai ƙarar gwamnati, aka yi sulhu a 1991 bisa sharaɗin a sake sauraren buƙatun 'yan El Salvador da Guatemala da aka yi watsi da su.

Jarrabawa ta biyu ƙishirwa ce. Daga 1994 hukuma ta ɗauki dabarar toshe mashigai na cikin birane, da tsammanin tsoron hamada zai hana mutane tasowa, amma talauci da tashin hankali suka rinjayi tsoro, matafiya suka karkata zuwa daji inda zafin bazara kan wuce digiri 45. A watan Mayu na 2001 mutum 14 suka mutu a tafiya guda gabas da garin Yuma, gawarwakin da aka tsinta a kudancin Arizona tun daga shekarar 2000 kuwa sun haura 3,000. Sai ƙungiyoyin da suka tsiro daga majami'un Tucson, kamar Humane Borders a 2000 da No More Deaths a 2004, suka shiga ajiye ruwa a kan hanyoyin sawu, wasu tankunan da shuɗiyar tuta a bisa dogon sanda don mai ƙishirwa ya hango daga nesa.

Daga cikin wannan tarihi ne aka kafa Kino Border Initiative a watan Janairu na 2009, bisa haɗin gwiwar hukumomin Katolika shida na ƙasashen biyu, ciki har da 'yan Jesuit na California da na Meziko, da limancin Tucson da na Hermosillo, da wasu mata masu zaman zuhudu waɗanda tun kafin nan suke raba abinci ga mutanen da aka koro. Tushen aikin ɗakin cin abinci ne kusa da mashigar Mariposa, inda wanda aka sauke daga motar hukuma, sau da yawa ba kuɗi ba waya, yakan sami abinci mai zafi, da tufafi, da maganin ƙafafun da tafiya ta sale. Hikimar da ta bambanta wannan gida ita ce, ana tambayar kowane baƙo labarinsa a rubuta: ina aka kama shi, an raba shi da matarsa ko 'ya'yansa, an mayar masa da kayansa, an koro shi da tsakar dare? Waɗannan shaidu su ake tarawa su zama rahotanni da ƙorafe-ƙorafe a gaban hukumomin tsaron cikin gida da 'yan majalisa a Washington, ta yadda mai magana da yawun baƙi ba ya zuwa da wa'azi kawai, sai da hujja mai kwanan wata.

Ɓangaren ilmantarwa kuwa an gina shi ne a kan abin da Hausawa ke cewa, gani ya kori ji. Ana kawo ɗalibai daga makarantu da jami'o'i, da mabiya majami'u na nesa, su raba abinci da hannunsu, su zauna su saurari wanda aka koro, su taka hanyar hamada, su shiga kotun Tucson su ga yadda ake yanke wa baƙin haure hukunci, su kuma gana da makiyayan yankin da ma'aikatan sintiri, don kada su koma gida da rabin labari. Fada Sean Carroll ne ya fara shugabantar ƙungiyar, a 2021 kuma ragama ta koma hannun Joanna Williams, wadda ba ta cikin limamai, amma ita ce ta daɗe tana riƙe da sashen ilmantarwa da fafutuka, abin da ke nuna irin matsayin da wannan sashe ya kai.

Masu suka suna cewa kowace daula tana da haƙƙin tsare iyakarta, kuma taimakon nan yana ƙarfafa wa mutane gwiwar karya doka. Bishop-bishop na Amurka da Meziko, a wasiƙar haɗin gwiwa da suka fitar a 2003, ba su musanta haƙƙin daula ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne cewa haƙƙin nan ba ya shafe darajar ɗan Adam, ko haƙƙinsa na neman abin da zai ciyar da iyalinsa. Saɓanin bai ƙare ba, amma ma'auni ya ɗan motsa: a 1986 an hukunta masu ba da mafaka, a Nuwamba ta 2019 kuwa masu taya alƙali shari'a a Tucson suka wanke Scott Warren, malamin jami'ar da aka tuhuma saboda ya ba baƙi biyu ruwa da abinci da makwanci. Tsakanin hukuncin farko da na biyu akwai shekara 33 na ciyarwa, da rubuta shaida, da karantar da jama'ar da daga cikinta ake zaɓo masu yanke hukuncin.