Daga Murzuƙ zuwa Sabha: zangon da ba ya shiga ƙidaya

A zamanin da ayarin Kano ke ratsa Sahara, Sabha ba inda ake sauke kaya a daɗe ba ne. 'Yan ƙauyuka ne a cikin dabino, Jadid da Gurda da Hajara, masu rijiya da 'yan gonakin alkama da sha'ir. Babban zangon Fezzan kuwa Murzuƙ ne, can kudu, inda hanyar Borno ta Bilma da ta Kano ta Agadas da Gat suke haɗuwa. A nan ake kwance turkuɗi da jar fata da gashin jimina. A nan kuma ake tsai da bayi su murmure kafin a wuce da su Tarabulus, abin da masu yabon fatauci ba su cika son tunawa ba. Ko lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya yada zango a Murzuƙ a 1850, Hausa da Barbarci harsunan ciniki ne a wannan hanya. Jikokin mutanen wancan zamani tuni suka zama Fazzanawa, bakinsu Larabci.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta faɗa wa Libiya, raƙumi ya rasa abin ɗauka. Murzuƙ ta yi sanyi. Sabha kuwa sa'a ta zo mata ta hannun soja: Italiyawa suka gina ganuwarsu a kan tudu, Faransawa suka karɓe ta a 1943, bayan 'yancin kan Libiya a 1951 Sabha ta zama fadar lardin Fezzan. Sai man fetur a 1959, sai kuɗi, sai gine-gine. Ƙauyukan nan suka haɗe suka zama birni mai mutum fiye da dubu ɗari: Awlad Sulaiman, Gaddadfa, Magarha, Tubawa, Buzaye. A nan Gaddafi ya yi sakandare, a nan ya shelanta Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977.

Wa zai yi kwaɓa, wa zai yi ban ruwa a gona? 'Yan cin rani, daga Tawa da Damagaram da Maraɗi, da Kanawa da Katsinawa. Su taso daga Agadas a bayan Hilux, ƙafa na reto, kowa riƙe da sanda da jarka, su bi ta Dirku da Tummo da Gatrun. Da sassafe za ka gan su a bakin titi, kowa ya ajiye shaidar sana'arsa a gabansa, wannan shebur, wancan guduma, wani buroshin fenti. Mota ta tsaya, mudir, wato mai ba da aiki, ya ɗaga yatsa biyu, mutum goma su taso.

"Malam, nawa ya ce?"

"Hau tukuna, ɗan'uwa, in an je a yi ciniki."

Kafin 2011, lokacin da dala ba ta kai dinari ɗaya da rabi ba, shekara biyu a Sabha kan sayi shanun huɗa a yi aure a gida. Bayan faɗuwar Gaddafi lissafin ya rikice. Tubawa da Awlad Sulaiman suka gwabza a 2012, suka sake a 2014, dinari ya zube a kasuwar bayan fage. Wata kalma da ta yi tashe a lokacin ta Hausa ce: gidan bashi, inda ake kulle wanda bai biya kuɗin mota ba har sai danginsa sun turo. A 2017 hukumar IOM mai kula da ƙaura ta ba da rahoton ana sayar da mutane a Sabha.

Nijar ta haramta safarar baƙin haure a 2015, ta soke dokar a Nuwamba 2023, motoci suka dawo fili. Har yanzu 'yan Nijar suna sahun gaba a yawan baƙin Libiya. Amma yawancinsu ba takarda, kuma iyalinsu na gida. A kwatanta: Bahaushen Kumasi ya gina masallaci ya aurar da jika a zango. Zangon Sabha kuwa ɗakin haya ne da mutum takwas, da jaka a rataye a ƙusa, da lambar ɗan canjin da zai kai kuɗi Tawa kafin damina.