Totot: Kurciyar Da Maciji Ya Kora Daga Gida

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya in ba ku tarihin wata kurciya. Ina yaro na yi kiwon tantabaru a bayan ɗakin mahaifiyata, har wata safiya na tarar maciji ya shanye ƙwan da nake ta ƙirgen kwanakinsa. Shi ya sa labarin totot ya tsaya mini a rai.

Totot sunan da mutanen Chamorro suke kiran wata kurciya mai cin 'ya'yan itatuwa a tsibiran Mariyana, can cikin Tekun Pasifik. Koriya ce, ga ja a goshi kamar ta ɗora dara, ga rawaya a ciki. Wanda ya san kurciyar gamji ta wajenmu, wadda ke wuni a kan ɓaure, to ya san irin rayuwarta. Ɗan itace take haɗiyewa ɗungurungum, ta tashi ta je ta kasayar da ƙwallon a wani wuri, ya tsiro.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani maciji mai hawa bishiya, mai launin ƙasa, ya shigo Guam, babban tsibirin Mariyana, ana kyautata zaton a cikin kayan sojan Amurka. Tsuntsayen Guam ba su taɓa sanin irin wannan abokin gaba ba. Da dare yake bin reshe, ya sha ƙwai, ya haɗiye 'ya'ya. Dawa ta yi ta yin shiru, masana suna zargin cuta ko maganin ƙwari, har sai da wata mai bincike, Julie Savidge, ta tabbatar a rubutunta na 1987 cewa macijin ne. Kafin nan an makara. A tsakiyar shekarun 1980 totot ta ƙare a Guam, kuma cikin nau'o'i 12 na tsuntsayen dawan tsibirin, 10 sun tafi.

Ta rage a Saipan da Tinian da Rota da Aguiguan. Fargabar ita ce, jiragen ruwa da na sama kullum suna kai da kawowa tsakaninsu da Guam, macijiya ɗaya mai ƙwai ta isa. Don haka aka kwashi wasu zuwa gidajen zu na Amurka, ciki har da na St. Louis wanda ya fara kiwonta a 1993.

Ku kuwa kada ku ɗauka irin kiwon tantabarunmu ne, a watsa gero a juya baya. Wannan cikinta bai saba da hatsi ba. Kullum sai an yanyanka mata kayan marmari ƙanana yadda za ta iya haɗiyewa, a kwashe ragowar kafin ya yi tsami. Kashinta ruwa-ruwa ne, keji ba ya kwana da tsabta. Ba ta jure sanyi, sai an ɗumama ɗakin an shuka mata itatuwa a ciki. Sheƙarta kuwa abin dariya, 'yan tsinke ne a kan reshe, har kana iya hango ƙwan ta ƙasa, shi ya sa masu kiwo ke ɗaura mata ɗan kwando. Babbar matsalar: tantabara biyu take sakawa, totot ƙwai ɗaya tak. In ya faɗo, an koma farko. A ganina, wanda ya iya wannan aiki shekara da shekaru ya fi mu marubuta haƙuri.

Sai dai keji ya tsare tsuntsuwar ne kawai, aikinta na dawa ya tsaya. Binciken Haldre Rogers da abokan aikinta na 2017 ya nuna cewa tsirowar wasu itatuwa biyu a Guam ta ragu da kashi 61 zuwa 92 cikin ɗari, domin 'ya'yan suna zubewa a gindin uwa su ruɓe. Gizo-gizo kuma ya cika dawan, babu mai cinsa.

Ana nan ana yaƙi da macijin. An sa tarko, an sa karnuka suna shinshina kaya a tashoshi, har matattun ɓeraye aka riƙa sakowa daga jirgi mai saukar ungulu, an cusa musu farasitamol, don shi guba ne ga macijin. An kuma kai wasu totot ɗin tsibirin Sarigan, inda babu mutane, babu macijin. Guam dai tana nan da macizanta.