TAKARDAR DA AKA MAYAR WA KWANAN WATA BAYA: Waiwaye Kan Gwajin Trovan a Kano

Yau tarihi na kawo muku, amma bari in fara da abin da ya tunzura ni. Kwanakin baya wani ɗan ƙanena ya zo hutu gida nan Babban Mutum da damin takardun tambayoyi guda ɗari, wai na kundin kammala karatunsa ne, kan dalilan da ke hana iyaye mata kai yara riga-kafi. Da la'asar sai na tarar da shi a gindin darbejiya da biro kala uku, yana cike takardun da kansa, yana sauya salon rubutu don kada malamin da ke duba aikin ya gane. Na ce masa, "Kai ɗan nan, ina matan da ka tambaya?" Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai kowa haka yake yi, kuma wa zai karanta?" Wannan tambaya tasa ita ta tuna mini wata takarda guda ɗaya da aka rubuta a Kano, wadda ita ma mai rubuta ta bai zaci za a tsaya a karanta ba.

A farkon shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa. Mutum sama da 100,000 suka kamu, kusan 12,000 suka rasu, har ta kai Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin Hajji a wannan shekara. A Kano, Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa, ya cika maƙil, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ta fama dare da rana. Ana cikin haka sai ga ayarin kamfanin magunguna na Pfizer daga Amurka ya sauka, ɗauke da wani sabon magani mai suna Trovan wanda a lokacin ba a riga an ba shi izinin shiga kasuwa ba. Suka zaɓi yara 200, suka ba kusan rabinsu Trovan, sauran kuma suka yi musu allurar wani sanannen magani mai suna ceftriaxone domin a kwatanta. Cikin mako biyu ko ɗan fiye suka kammala suka koma. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Adalci shi ne a faɗi abin da kowane ɓangare ya ce. Kamfanin ya tsaya kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran ya kuma nakasa wasu, domin dama haka cutar take yi, kuma an yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da dama kuwa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, su dai sun ɗauka taimako ne aka kawo. To, a nan ne takarda take da muhimmanci. Ƙa'idar bincike a duniya ita ce, kafin a gwada magani a jikin ɗan'adam, sai wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin ya amince, ya tabbatar ba za a cutar da kowa ba kuma an nemi yardar mutane. Da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta zo bin diddigin aikin a 1997, sai aka gabatar mata da wata wasiƙa mai ɗauke da tambarin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kwanan wata 28 ga Maris 1996, tana nuna kwamitin ladubban bincike na asibitin ya amince tun kafin a fara.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Disamba na shekarar 2000 jaridar Washington Post ta fasa labarin gwajin, a watan Janairu na 2001 kuma ta dawo kan wasiƙar. Shugaban asibitin na lokacin, Dokta Sadiq Wali, ya bayyana cewa a ranar da aka rubuta a jikin wasiƙar asibitin ba shi da irin wannan kwamiti ma sam. Likitan da ya jagoranci aikin a Kano, Dokta Abdulhamid Isa Dutse, ya amsa cewa daga baya aka rubuta ta aka mayar mata da kwanan wata baya. Shi kansa kamfanin ya yarda cewa wasiƙar ba daidai take ba. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, ya gama aiki a 2001, ya ce gwajin ya saɓa wa doka, amma rahoton ya yi ta kwana a durowa sai a 2006 ya fito, shi ma ta hannun 'yan jarida. Shi kuwa Trovan, an ba shi izini a Amurka a ƙarshen 1997 domin manya, amma a 1999 aka taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta, a Turai kuma aka dakatar da shi.

Shari'a ta ɗauki shekaru. Iyalai sun shigar da ƙara a Amurka tun 2001, gwamnatin Kano da ta tarayya suka shigar da tasu a 2007. A 2009 aka yi sulhu da jihar Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a watan Agusta na 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta don a tabbatar yaran nasu ne.

Asarar da ta fi wannan girma ba a kotu aka yi ta ba. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da riga-kafin shan inna a wasu jihohin Arewa bisa zargin an gurɓata maganin, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yuli na 2004. Dalilan ƙin suna da yawa, akwai siyasa, akwai yaƙin Iraki da ya sa ake ƙyamar duk abin da ya fito daga Amurka, amma duk wanda ya zauna a majalisa a wancan lokaci ya san da an yi gardama sai wani ya ce, "Kun manta abin da aka yi a Asibitin Zana?" Ma'aikacin lafiya mai gaskiya ya rasa bakin amsawa, domin an taɓa kama masu ilimi da takardar bogi. Cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe, yara da dama suka gurgunce, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an raba Nijeriya da ainihin ƙwayar cutar da ke yawo a gari.

Wani zai ce ina ruwan kundin ɗalibi da babban kamfani? Ni a ganina hali ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. A duka biyun an nemi shaidar wani aiki da ba a yi ba, sai aka ƙirƙiri shaidar maimakon a ce ba a yi ba. Ɗalibin da ya cike takarda ɗari a gindin bishiya, ko ya je shagon kwamfuta ya sayi tsohon kundi aka sauya masa suna da sunan gari, gobe shi ne jami'in lafiya na ƙaramar hukuma da za a ce ya kawo adadin yaran da aka yi wa allura, shi ne malamin gona da za a tambaya buhu nawa aka noma. Hannun da ya saba ba zai yi masa nauyi ba. Da waɗannan alƙaluma ake raba magani da taki da kuɗin gina aji, ƙauyen da aka rubuta masa ƙarya kuwa shi zai kwana a ciki. Malaman da ke sa hannu kan kundin da ba su buɗe ba su ma suna da nasu kason.

Kuma bin diddigin labari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi irin su Imam Bukhari ba sa karɓar ruwaya sai sun san wa ya ji daga wa, kuma wanda aka taɓa kamawa da ƙarya sau ɗaya an daina karɓar ruwayarsa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005 kuma aka sa wa wata kwaleji a Daura sunansa, an san shi da matsa wa ɗaliban tarihi a Zariya su tantance kowace majiya kafin su dogara da ita.

Na zaunar da ɗan ƙanen nawa na ba shi labarin nan kaf. Washegari ya buga sababbin takardu, ya roƙi yayarsa ta raka shi, tunda shi namiji ba ya shiga gidajen aure. Cikin kwana tara mata 38 kacal suka samu, kuma ya ce amsoshin da suka ji ba su yi kama da waɗanda ya ƙago ba: da yawa nisan asibiti da rashin izinin maigida suka ambata. Ya ji tsoron kada a rage masa maki saboda ƙarancin adadin, na ce ya rubuta 38 ɗin nan, ya faɗi dalilin da ya sa bai kai ɗari ba. Ko nawa aka ba shi, nasa ne na halal.

Allah ya jiƙan yaran da suka rasu a wancan lokaci, ya ba iyayensu haƙuri, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Wassalam.