Bikin Salla a Isa da Sabon Birni: Tarihin Dandalin Makaɗan Fada

A shekarar 1954 aka buɗe bikin kiɗan jaz na garin Niyufot a Amurka, a 1967 kuma na Mantaro a Suwizalan ya biyo baya. Na Niyufot ya gamu da tarzoma a 1971, ya yi ƙaura zuwa Niyok, bai koma gida ba sai 1981, amma bai mutu ba, domin yana da masu shirya shi da kamfanoni masu zuba kuɗi da 'yan kallo masu sayen tikiti. A gabashin ƙasar Sakkwato ma akwai dandalin kiɗa na shekara-shekara wanda ya girmi waɗannan duka biyu, watau bikin Salla a ƙofar fada. Sai dai shi a kan turke ɗaya aka ɗaure shi, turken kuwa shi ne sarki.

Asalin fadojin nan biyu ba ɗaya ba ne, ko da yake kowace tana da Sarkin Gobir. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga can ne Ɗan Halima ya ɓalle ya zo ya kafa Sabon Birni a rabi na biyu na wannan ƙarni. Isa kuwa ribaɗi ce ta Daular Usmaniyya, sarautarta tana gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ashe ke nan kirarin da ya dace da wannan fada ba lalle ne ya dace da waccan ba, kuma makaɗin da bai san salsalar ubangidansa ba ya shiga uku.

A wannan fage ne Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi fice a ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Kotso yake kaɗawa, da 'yan amshi a bayansa. Ran Salla, bayan an sauko daga Idi, dagatai da 'ya'yan sarki da fadawa duk suna hallare, nan ne makaɗin fada kan fito da sabuwar waƙa. Ya zuga sarki, ya jero kakanninsa, sa'an nan ya juya da habaici ko zambo kan ɗan sarkin da ke harin gadon sarauta. Ba a ambaton suna, amma babu wanda bai gane ba. Kyautar da kan biyo baya, doki ko babbar riga ko rawani, a bainar jama'a ake miƙa ta, saboda ita ma wani ɓangare ce na bikin. Masu ɗaukar wannan waƙa a matsayin roƙo kawai sun yi mata gajeriyar fahimta. A lokacin da babu jarida a ƙauye, nan talaka kan ji wa ya hau, wa ya sauka a idon sarki. Bakandamiya, wadda ake ɗauka ita ce uwar waƙoƙinsa, daga wannan fada ta fito.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Ba da daɗewa ba gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kwashe sauran ikon. Da aljihun sarki ya ƙanƙance, sai makaɗa suka bi 'yan kasuwa da 'yan siyasa. Abin da ya tsira daga muryar Narambaɗa rediyo da kaset ne suka tsirar da shi.

Argungu ta bi wata hanya dabam. Bikin kamun kifinta, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, gwamnati ta rungume shi, har UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihi a 2016. Duk da haka shi ma ya tsaya daga 2009 sai 2020.

Isa da Sabon Birni ba su sami irin wannan gata ba, ga kuma masifar 'yan bindiga da ta biyo baya. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi.