YAƘIN BAMA DA RABON DA MATA SUKA ƊAUKA

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san barikin Dodan da ke gefen Obalande, inda shugabannin soja suka zauna suna mulkin ƙasa har aka koma Abuja a 1991. Mun sha jin wasu na cewa wai daga kalmar "dodo" aka samo sunan. To, ba haka ba ne. Dodan wani wuri ne a ƙasar Bama. Haka ma Arakan da Tamandu a Apapa, da Letmauk a Ibadan, da Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen wuraren da kakanninmu suka yi gumurzu ne a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila. Kullum muna wucewa ta ƙofofin nan da kayanmu, ba mu ko ɗaga kai. Maza dai sun sami wannan tunawa. Yau muna so mu waiwayi matan da aka bari a gida, don su ma sun ɗauki nasu kayan.

Mu fara da yadda yaƙin ya shigo mana. Ranar 1 ga Satumba 1939 Jamus ta afka wa Polan, bayan kwana biyu Ingila ta shelanta yaƙi. Da yake Nijeriya na hannun Ingila a lokacin, babu wanda ya tambaye mu, sai dai muka wayi gari muna ciki. Aka shiga ɗibar soja gari-gari, kuma da yake tun da can Hausa ce harshen bariki, 'yan Arewa suka yi yawa a ciki. An fara tura su gabashin Afirka su kara da Italiya, inda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka nausa cikin Habasha. Daga baya aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka sa su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can sai dazuzzukan Bama, suka gwabza da Japan a 1944 da 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo ma sai da ya je can ya gano su. Kano kuwa ta zama zangon jiragen sama: a harhaɗa jirgi a Takoradi ta ƙasar Gana, ya biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri, ya wuce Hartum har Alƙahira.

Amma mu 'yan kasuwa mun san soja ba ya tafiya da ciki wayam, injin ma ba ya tashi ba mai. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya da Singafo, wuraren da Turawa ke samun kuza da roba da manja. Nan da nan ido ya dawo kanmu. Gwamnati ta ce a ƙara gyaɗa, a ƙara ƙwarar manja, a nemo roba ko a daji ne, kuma ita ce mai saye, ita ce mai yanke kuɗi. To, wa ke ɓarar gyaɗar? Wa ke sheƙe ta? A Kudu wa ke zama da dutse yana fasa ƙwarar manja ɗaya bayan ɗaya? Mata ne da 'ya'yansu. A takardun gwamnati sai dai a rubuta ton kaza ya fita ta tashar Apapa, ba a rubuta hannun da ya yi kanta ba.

Abin da ya fi ciwo a Arewa shi ne aikin tilas na haƙar kuza a Jos, wanda mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi maza wajen 100,000 daga lardunan Arewa, kashi-kashi, aka kai su tsaunukan Filato. Sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka hallaka da yawa. Ku duba gidan da aka ɗauki ɗa soja, aka ɗauki mai gida kuza, ga damina ta tsaya, ga haraji ba a yafe ba, ga hatsin da ake karɓa don ciyar da lebarori. A irin wannan gida, 'yar sana'ar da mace ke yi a cikin ɗaki, kaɗin zare ne, ko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ko furar sayarwa, ita ta riƙe tukunya. Yadin Turai ya yi wuya, sai mazari ya ƙara daraja. Gishirin da ake kawowa daga Ingila ya yi ƙaranci har aka koma raba shi da ƙa'ida, sai aka ƙara dogara da gishirin gida, irin wanda mata ke dafawa a Uburu da Okposi a ƙasar Ibo, da Keana da Awe a Nasarawa ta yau.

Yanzu mu dawo nan Ikko, inda mata suka fito fili. Akwai wata dattijuwa mai sayar da kifi, Alimotu Pelewura, shugabar kasuwar Ereko kuma jagorar ƙungiyar matan kasuwa ta Ikko. Ba ta yi boko ba, amma in ta ce a rufe kasuwa an rufe ke nan. A 1940 gwamnati, don neman kuɗin yaƙi, ta ɗora haraji a kan matan da ke samun fam 50 a shekara. A watan Disamba matan suka kulle rumfuna, suka yi ayari zuwa wajen hukuma da takardar koke wadda suka dangwala wa yatsu. Ba a soke harajin ba, amma an ɗaga shi ya koma kan mai samun fam 200, wato galibinsu sun kuɓuta.

Sai kuma rigimar farashi. Daga 1941 aka ba wani Bature, Kyaftin Pullen, aikin ƙayyade kuɗin abinci a Ikko. Ya yanke kuɗin garin rogo da sauransu, daga baya ma gwamnati ta buɗe nata wuraren sayarwa. A takarda abin ya yi kyau, don talaka na kukan tsada. Amma matan suka ce kuɗin da aka yanke bai ko biya abin da suka kashe daga Ijebu zuwa kasuwa ba. Duk wanda ya taɓa saro kaya ya san inda maganar za ta ƙare: kaya ya ɓace daga rumfa, ya koma bayan fage da tsada ninki, mutane na kwana a layi, 'yan sanda na kama mata ana kai su kotu. An yi wa Pelewura tayin albashi don ta kula da tsarin, ta ƙi, ta ce ba da ita za a karya 'yan'uwanta ba. Da ma'aikata suka shiga babban yajin aiki a watan Yunin 1945, wanda ya ɗauki wajen mako shida, matan kasuwa suka rage musu kuɗin abinci, suka kuma tara musu gudunmawa. A wannan shekara aka nannaɗe tsarin Pullen. A Abeokuta ma, ƙwace shinkafar matan kasuwa da sunan dokar yaƙi na cikin abin da ya haɗa su da Funmilayo Ransome-Kuti, tafiyar da ta kai ga Alake ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a 1949.

Abu biyu muka tsinta a wannan tarihi. Na farko, dokar kasuwa in an yi ta ba da shawarar masu kasuwa ba, wahala take ƙarawa, kuma abin da ya sa aka saurari matan Ereko shi ne bakinsu ɗaya. Na biyu, Pelewura ta rasu a 1951 an san sunanta, don tana kusa da 'yan jarida da manya irin su Herbert Macaulay. Matar sojan da ta zauna a ƙauyen Kano ko Zazzau shekara biyu ko uku tana jiran wasiƙa daga Bama, tana kai wa mai karatu ya karanta mata, ita wa ya san ta?

An gama yaƙin nan tun 1945. Yarinyar da ke tallan ƙuli-ƙuli a lokacin, in tana raye, yau ta haura 90. Saboda haka muna roƙon matasanmu, duk mai irin wannan tsohuwa a gida, a nan ne ko a can Arewa, ya zauna kusa da ita da wayarsa ya ɗauki muryarta. Ya tambaye ta wa aka ɗauka a gidansu, ya dawo ko bai dawo ba, da me suka yi miya shekarar da babu gishiri. Wanda tsohuwarsa ta riga mu gidan gaskiya, ya rubuta abin da ya taɓa ji daga bakinta, ya ajiye wa 'ya'yansa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Bama da Filato, Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.