Sandar Ƙarfe a Kan Bargar Dawakai

Kafin zuwan tarakta, doki ne jarin manomin Amurka: shi ke jan garma, shi ke kai amfanin gona kasuwa. Bargar da yake kwana kuwa ta katako ce, doguwa, maƙare da busasshiyar ciyawa, tsaye ita kaɗai a fili. Aradu na faɗa mata sai gobara, dabbobi da abincinsu su ƙone tare.

A 1753 Benjamin Franklin ya buga bayanin maganin abin a kalandarsa ta shekara-shekara: a kafa sandar ƙarfe mai tsini a saman gini, a haɗa ta da waya har cikin ƙasa mai danshi. A ƙarni na 19 'yan talla suka bi gonaki suna sayar da ita, wasu har da ƙwallon gilashi na ado. Akwai 'yan damfara a cikinsu, kuma sandar da ba a binne wayarta da kyau ba, ba ta tsare komai.

Makiyaya ta fi wuyar sha'ani. Bayan Joseph Glidden ya yi wa waya mai ƙaya rajista a 1874, shinge ya mamaye filaye. Hadari na tasowa, dawakai su takure jikin shinge ko gindin bishiya, wutar aradu ta biyo wayar ta same su. Ko ta ƙasa wutar ta bi, tazarar ƙafafun doki na gaba da na baya takan sa ta ratsa ƙirjinsa. Shi ya sa manoma suka koma kafa turakun ƙarfe jefi-jefi a shinge, su janye wutar zuwa ƙasa.