Ziyarar Madarunfa da Gabi: tafki, kaburburan waliyyai da dajin Babban Rafi

Mazauna birnin Maradi da dama sun sha cin kifin Madarunfa ba tare da sun taɓa ganin ruwan da ake kamo shi ba, alhali tafiyar ba ta wuce kusan kilomita 25 kudu da birnin. Garin Madarunfa shi ne babban garin gundumar, Gabi kuma ƙaramar hukuma ce ta karkara da ke kudu maso yamma da shi, dab da iyakar Najeriya. Abubuwa uku ne ke kai baƙo yankin: tafki, kaburburan waliyyai, da daji.

Tafkin

Tafkin Madarunfa ba ya ƙafewa ko da rani. Ruwansa na zuwa ne daga Gulbin Gabi da Gulbin Maradi, waɗanda dukkansu daga Najeriya suke gangarowa, kuma da damina kawai suke gudu. Idan tafkin ya cika yana kai kusan hekta 800, sai ya riƙa ja da baya har faɗuwar wata daminar. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa, manoman rani kuma na bin sawun ruwan suna shuka tumatir, albasa da sauran kayan lambu. A shekarar 2019 aka sanya tafkin cikin jerin wuraren Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a 1971 a garin Ramsar na ƙasar Iran.

Kaburburan waliyyai 99

A kewayen tafkin akwai kaburbura da mutanen gari ke cewa na waliyyai 99 ne. Masu ziyara na zuwa daga sassan Nijar da arewacin Najeriya domin yin addu'a da ba da sadaka. Tun 2006 ƙasar Nijar ta gabatar da kaburburan, tare da tafkin da gandun dajin Madarunfa, cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Wurin ba filin wasa ba ne: baƙo ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya sa tufafin mutunci, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoto.

Gabi da dajin Babban Rafi

Wani babban ɓangare na dajin Babban Rafi yana cikin ƙasar Gabi. Shi ne daji mafi girma da ya rage a jahar Maradi, cike da geza, sabara da taramniya. A da, giwaye kan ƙetaro daga Najeriya su yi kiwo a cikinsa. Daga nan ne mafi yawan itacen girkin da ake ƙonawa a Maradi ke fitowa, shi ya sa tun shekarun 1990 aka kafa kasuwannin itace na ƙauyuka, inda mazauna ke sara bisa ƙa'ida, a kuma biya haraji.

Duk da haka dajin na raguwa saboda faɗaɗa gonaki da saran itace ba bisa ƙa'ida ba. Asarar kuma ba a dajin kaɗai take tsayawa ba. Inda aka share itatuwa, ruwan sama na kwashe ƙasa ya zuba a gulbi, gulbi kuma ya kai yashin cikin tafki, zurfinsa ya ragu. Madatsar ruwa ta Jibiya da aka gina a jihar Katsina ita ma ta sauya yadda Gulbin Maradi ke kawo ruwa. Ke nan abin da ya samu dajin Gabi, masuncin Madarunfa ne ke jin shi a cikin komarsa.

Lokacin zuwa

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ne ya fi dacewa. Tafkin na da ruwa, zafi ya sauka, kuma tsuntsayen da ke gudo wa hunturun Turai sun iso sun haɗu da balbela da zalɓe. Da damina hanyoyin ƙauyuka kan yanke idan gulbi ya kawo. Wanda ya tashi daga Maradi da sassafe zai tarar da masunta na fitowa da kifi, ya ziyarci kaburburan, ya koma gida kafin magariba. Mai son shiga kwale-kwale ya daidaita kuɗi da mai shi kafin a tashi, kuma kada a yi masa lodi.

Batun tsaro

Shekarun baya-bayan nan ƙauyukan bakin iyaka a gundumar Madarunfa, har da na Gabi, sun sha fama da ƴan bindiga masu satar shanu da sace mutane domin kuɗin fansa, kuma daji ne maɓoyarsu. Saboda haka ziyarar tafki daban, shiga Babban Rafi daban. Mai niyyar zuwa dajin ya fara tuntuɓar ofishin magajin garin Gabi da jami'an gandun daji, ya bi shawararsu ko da cewa suka yi ya haƙura. Kada a yi tafiyar dare, kuma kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa saboda shingayen jami'an tsaro da ke kan hanya.